Malam Zagaye da Kundin Matarsa

Babana bai taɓa ɗaga hannu ya doki kowa ba. Da wannan zan fara, don kada in gama ba da labarinsa wani ya ce na danne masa alheri. Bai doke mu ba, bai doki Mama ba, ko tsawa ba ya yi. Siriri ne mai tsabta, da kansa yake guge kayansa don ya ce duk gidan babu wanda ya iya fitar da karin hannun riga. In ya ɓare mana lemo ɓawon yakan fito a nannaɗe bai tsinke ba, mu yi ta kallo. Shi ya koya mana karatu tun ba a sa mu makaranta ba. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma na ɗauko fuskarsa kaf, abin da har yau yake ɓata mini rai in na tsaya gaban madubi.

A laburaren jami'a ya ƙare rayuwar aikinsa. Ya shiga yana saurayi, mai tura keken littattafai yana mayar da su kanta. Ya taɓa fara digiri na yamma ya watsar a tsakiya. In an tambaye shi sai ya ce lokaci ne bai samu ba, mu dai ba mu ga abin da ya cinye lokacin ba. Abin da ya samu lokacinsa shi ne wani ɗan littafin ƙa'ida da jami'ar ta buga, mai bayanin yadda ake jera manazarta a ƙarshen kundi, wato littattafai da takardun da ɗalibi ya dogara da su: sunan marubuci, shekara a cikin baka, sunan littafi da rubutu mai ɗan kwanciya, maɗaba'a, inda waƙafi zai zauna da inda aya za ta zauna. Ya haddace shi tas. Da tsohon da ke duba wa ɗalibai manazarta ya yi ritaya aka rasa mai son kujerar, sai aka miƙa wa Baba.

Kujerar ba ta da girma, amma babu mai wucewa sai ta gabanta. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku in ya gama kundinsa, ya kare shi a gaban malamai, ba za a yi wa kundin bango a karɓa ba sai laburare ta buga hatimi cewa manazartarsa ta bi ƙa'ida. Hatimin nan yana aljihun teburin Baba, makullin aljihun yana ɗaure da na gidanmu.

Ofishin ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, bayan inda ake jibge tsofaffin jaridu. Tebur, kujera ɗaya tasa, fanka da ke kallonsa shi kaɗai, da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. Ɗalibai a benci suke jira a waje, in sun shigo kuma a tsaye suke. Ranar Talata kawai yake duba kundi. Ba ya karanta ko layi ɗaya na abin da ka shekara kana rubutawa. Baya yake juyawa, ya ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, ya riƙa jan ta ƙasa a hankali. Da ya ci karo da kuskure sai ya zare jan biro ya zagaye wurin, ya rufe kundin, ya turo maka da ɗan yatsa. Ba zai faɗa maka abin da ya gani ba, ba zai kuma duba layi na gaba ba. Ka je ka gano da kanka, ka gyara, ka dawo wata Talatar, ya sake farawa daga sama. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Zagaye, ya kuma san da sunan, har yana jin daɗinsa.

Na taɓa tambayarsa ina yarinya me ya sa ba ya nuna musu kurakuran gaba ɗaya su huta. Ya ce, "In na nuna musu duka, ni na yi aikin ke nan. Digirin na wa zai zama?" A lokacin na ɗauka magana ce ta hikima.

Kada a ce ba ya ɗaga ƙafa. Yana ɗagawa. In wani babba ya bugo waya, kundi yakan hau teburin ya sauka da hatimi rular ba ta motsa ba. In kuma ya ga wanda ya rusuna masa sosai, ya kira shi ranka ya daɗe, yakan zagaye masa wuri uku ko huɗu a zama ɗaya, ya ce ya yi masa rangwame. Baba ya san rangwame sarai, ya kuma san wanda yake yi wa.

Zamanin intanet ya zo masa kamar an ƙara masa girma. Aka sake buga ɗan littafin, aka ce duk abin da ɗalibi ya ciro daga intanet sai ya rubuta cikakken adireshin shafin da ranar da ya ciro shi. Baba ya ƙara nasa a kai: kowane adireshi sai ya buga shi a kwamfutarsa da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ya ga shafin ya buɗe da idonsa. In bai buɗe ba, jan biro. To shafin intanet kuwa ba littafi ba ne da zai zauna a kanta yana jiran ka. Yau yana nan, wata mai zuwa an ɗauke shi, ko an sauya masa mazauni. Tunda kuma daga sama Baba yake farawa kullum, adireshin da ya buɗe a watan jiya yana iya mutuwa a wannan watan, ka koma inda ka baro. Ɗalibai da dama sun yi kuka a bencin nan, har da magidanta masu furfura.

Mama malama ce a kwalejin koyon aikin jinya. Ta yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin ta koma koyarwa, kuma a aji take numfashi. A gida mace ce mai sanyin murya, amma na taɓa leƙa ta a aji, na ga wata daban: tana zagaye gadon gwaji, tana tsokanar ɗalibai, ana ta dariya. Sai aka fito da doka cewa duk malamin da ba shi da digiri na biyu zuwa wani wa'adi za a cire shi daga aji a ba shi wani aikin. Mama ta haura arba'in da biyar ta koma ɗaliba, a jami'ar da mijinta ke aiki.

Baba bai hana ta ba. Cewa ya yi, "Allah ya taimaka," ya ci gaba da goge takalminsa.

Ta sha wahalar karatun nan. Ta je aiki, ta wuce lacca, ta dawo ta ɗora tukunya. Ta rubuta kundinta a kan yadda ake kula da masu jego a kwanakin farko bayan haihuwa. Rashin lafiyar kakarmu ya ci mata shekara guda, yajin aiki ya ci wani abin, har ta shiga shekararta ta ƙarshe da jami'a ta yarda ɗalibi ya yi. In zangon ya ƙare ba ta miƙa kundi da bango ba, sunanta ya fita, aji kuma ya tafi. Ta kare kundin a farkon zangon. Malamai suka yaba, ɗaya ma ya ce a buga shi littafi. Muka yi murna, muka ce ai an gama, saura hatimi, hatimi kuwa a gidanmu makullinsa yake kwana.

Ni nake buga mata gyara a kwamfuta in na taso daga kantin maganin da nake aiki, don haka komai a kan idona aka yi. Talatar farko tare suka fita daga gida, a mota ɗaya. Da suka isa ya wuce ofis, ya ce ta zauna a benci ta bi layi. Ta bi, tana murmushi, don ta ɗauka kunyar idon mutane ce. Da layi ya zo kanta ta shiga ta ce, "Malam, ga shi." Ya ce, "Ajiye, ɗaliba." Rula ta sauka layi kaɗan, jan biro ya fito.

Ta dawo gida tana dariya, tana ba mu labari. Da ya zauna cin abinci ta kawo kundin ta ce, "To Malam Zagaye, yanzu dai ba kowa. Duba mini gaba ɗaya in gyara."

Ya ture kundin gefe ya jawo faranti. Ya ce, "Ofis daban, gida daban. Miƙo mini ruwa."

Ta miƙa masa. Ta ɗauka wasa ne, ni ma haka.

Mako ya bi mako. Yau shekara ce ba ta cikin baka, gobe sunan mujalla ne bai kwanta ba, jibi layi na biyu bai shiga ciki daidai yadda rula ke so ba. Muka ɗauko ɗan littafin muka bi jerin kaf, layi-layi, har idona ya riƙa yaji. Muka share duk abin da za a iya sharewa a ɓangaren littattafai da mujallu. Sai muka faɗa ramin intanet. Kundin Mama ya dogara da rahotannin ma'aikatu da ƙungiyoyin lafiya, su kuwa waɗannan ba su da aiki sai sauya wa shafukansu fasali. In adireshi ya mutu sai mu nemo sabon. In rahoton ya ɓace gaba ɗaya sai ta nemo wani madadinsa, ta koma cikin kundin ta sauya duk inda ta ambace shi, ta bi malamin da ya duba aikinta ya sa hannu. Kafin ta dawo wani adireshin ya mutu a sama.

Mama mai tsari ce, duk rahoton da ta ciro ta buga shi a takarda ta adana. Wata Talata ta kwashe su a jaka ta kai masa. Ya ce, "Takardar da ke jakarki ba ta hannun mai karatu." Ko taɓa su bai yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne safiyar Talata. Zai tashi da fara'a, ya yi wanka yana 'yar waƙa, ya sa rigar da ya fi so. Ita za ta haɗa masa shayi, ya kurɓa ya ce sukari ya yi daidai. Wani lokaci in ta bar kundin a teburin falo nakan gan shi ya buɗe bayan yana dubawa, ya ɗan gyaɗa kai kamar wanda ya hango wani abu, ya rufe ya wuce. Ya gani, ya san inda jan biro zai sauka, zai kuma riƙe shi a cikinsa har Talata.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na je na samu Kawu, yayan Mama. Kawu direban babbar mota ne, ba ya son dogon zance. Ya zo gidan ya zauna, aka gaisa, ya ce, "Malam, wannan baiwar Allah ita ta haifa maka 'ya'yan nan. Ka buga mata abin nan ta wuce."

Baba ya ce, "Yaya, kai in an ba ka kaya ka kai wani gari, kana sauke wa matarka buhu ɗaya a hanya?"

Kawu ya ce, "Ba buhu ta ce ka ba ta ba. Gaya mata inda ta yi kuskure."

"Ina gaya mata. Duk Talata."

Kawu ya ɗauki hularsa ya fita ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Washegari ya je wurin shugaban laburare. Shugaban ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ai mijinta ne, wa zai shiga tsakanin miji da mata, su ƙarasa a gida. Haka kowa ya ce. Malaminta ya ce haka, abokan karatunta suka ce haka, wasu ma har suna yi mata tsiya wai ta fi kowa gata. Da bare ce da tuni wani ya buga waya an wuce wurin. Da yake matarsa ce kowa ya naɗe hannu.

Na ce wa Mama ta daina dafa masa abinci. Ta ce in kama bakina, ubana ne. Na ce ta tafi gidan Kawu har sai ya buga. Ta ce, "In na tafi, ranar Talata wurin wa zan kai kundin?" Na fita tsakar gida na yi ta haki.

Talatar ƙarshe ta faɗo a ranar da ake rufe karɓar kundi. Na ɗauki hutu na raka ta. Da sassafe na bi adireshin nan kaf a wayata, kowanne ya buɗe. Mai yin bango a shagon da ke ƙetaren titi ya yi mana alkawari zai ajiye komai ya yi namu da zarar mun kawo. Muka zauna a benci. Mama ta rungume kundin a ƙirji, leɓenta na motsi.

Muka shiga. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma fa?" Na ce rakiya. Ya ce in tsaya bakin ƙofa.

Rula ta fara sauka. Shafin farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ya juya ga kwamfuta, yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Wannan ya buɗe, wancan ya buɗe. Ina kallon gumi yana bin bayan wuyan Mama, fanka na kaɗa masa takardu shi kaɗai. Ya kai shafin ƙarshe. Na ga fuskarsa ta fara tsukewa, na ce a raina yau dai ka rasa. Saura layi kaɗan ya buga wani adireshi, kwamfuta ta yi ƙugi, ta yi ta juyi, sai farin allo da 'yan kalmomi: ba a samu shafin ba.

Na ce, "Baba, da safen nan ya buɗe." Na zaro waya na gwada, ya ƙi. A ranar suka sauya shafin. Nan take na nemo rahoton a sabon wurinsa, na miƙa masa wayar. "Ga shi. Shi ne, sunan ɗaya, shekarar ɗaya."

Bai kalli wayar ba. Ya zare jan biro, ya zagaye layin a nitse, zagaye mai kyau, ya rufe kundin ya tura mata da ɗan yatsa.

Mama ta ce, "Malam, yau ake rufewa."

"Na sani."

"Bari yarinyar nan ta ƙetara titi ta sake bugo shafin. Yanzu za ta dawo."

"Kundi sau ɗaya yake hawa teburin nan a rana. Kin san haka, kowa ya san haka."

Sai Mama ta durƙusa. A kan simintin ofishin nan, ƙofa a buɗe, ɗalibai sa'annin 'ya'yanta suna leƙe daga benci. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka taimake ni. Ajina ne." Ban taɓa jin ta kira shi haka ba. Ya dube ta daga sama, wallahi na ga daɗi a fuskarsa, ƙarara, kamar na yaron da aka miƙa wa alewa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙofa ya ce, "Mai bi."

Abin da na faɗa masa a wurin ba zan maimaita ba. Masu gadi ne suka fitar da ni. Mama ta tashi ta kakkaɓe gwiwa, ta ɗauki kundinta, ta ba ɗalibin da ke shigowa hanya har da ce masa sannu.

Da yamma ya dawo gida da lemo a leda. Ya tambayi abinci, aka kawo masa.

Ta rubuta takardar neman ƙarin lokaci, aka ce ta riga ta cinye nata. Da wa'adin kwaleji ya cika suka cire ta daga aji suka ba ta sito, inda ake ajiye gadajen gwaji da zannuwa da 'yan tsanan roba da ake koyon karɓar haihuwa da su. Ɗaliban da ta koyar suka dawo malamai, su aiko a karɓo musu kaya a wurinta. Tagar siton tana kallon ajinta na da, sai ta sa aka jingina kabad a jikinta. Ba ta bar gidan Baba ba, ba ta kuma sake ɗaga zancen ba. Muryarta ce dai ta ƙara yin ƙasa, har sai ka matso kake jin ta. Ni na yi aure na bar gidan, in na je gaishe su a kicin nake zama.

Bara Baba ya yi ritaya. Laburare ta shirya masa walima a babban ɗakin karatu, aka ture tebura gefe aka jera kujeru. Ban so zuwa ba, Mama ce ta roƙe ni in zo in taya ta rabon abinci, don ita ta dafa. Aka yi ta jawabi. Shugaban laburare, wanda ya yi wa Kawu dariya, ya riƙe makirfo ya ce a zamanin nan da kowa ke ɗaga wa nasa ƙafa, Allah ya ba su mutum ɗaya da bai san sani ba. Ya ce zai ba da misali ɗaya ya isa. Ya ba da labarin Talatar nan tiryan-tiryan, har da durƙuson, yana kwaikwayon yadda Baba ya ce "Mai bi." Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Ashe shekara da shekaru labarin da suke ba sababbin ma'aikata ke nan.

Shugaban ya ce, "Tana nan kuwa? Ina uwargidan?"

Mama tana can baya tsakanin kujeru, da tire a hannu, tana miƙa wa wani kwalbar lemo. Ta sunkuyar da kai ta yi kamar ba ta ji ba. Baba ya miƙe daga kujerar girmamawa, fuskarsa na sheƙi, ya nuna ta da hannu.

"Ga ta can. Ke, ajiye tiren nan ki matso gaba su gan ki."

Ta waiga tana neman inda za ta ajiye, babu tebur kusa. Haka ta tako zuwa gaba da tiren a hannu, kwalabe na karo da juna, mutane suka miƙe tsaye suna tafa wa mijinta.